Kazar da Inna ta Zo da Ita daga Bengu

Ni ne ɗan farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama hira da ni, ba ta kallon idona, in wani ya yabe ni a gabanta sai ta tashi ta kama wani aiki. Tun daga yaye kakata ta ɗauke ni. Ƙannena su suka sha wasa da dariya da ita, ni kuwa gaisuwa ce rabona, ita ma a gajarce. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi. Sai dai sanin dalili bai hana ni jin kewar muryarta ba, har furfura ta fara fito mini a gemu.

Da Baba ya rasu ta fita takaba, dangi suka tsayar da shawara ta dawo wurina Gaya, nan bakin iyaka. Ƙannena mata duk suna gidajen aurensu, namijin ɗaya yana bin manyan motoci, sai a yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba. Gidanmu na Bengu ba kowa sai ita, ga ciwon gwiwa, ga rijiya da nisa. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ina da ɗaki guda a tsakar gida da muke ajiye gero. Muka share shi muka shafa farar ƙasa. Inna ta ce ba ta san zancen ba. Sai da ƙanwarta ta kwana uku tana lallashinta sannan ta yarda, shi ma da sharaɗin gwaji za ta yi.

Ranar da na je ɗaukarta da motar haya, kayanta ba su cika bayan mota ba: akwatin ƙarfe, tabarma, buta, ƙwarya biyu. A cinyarta kuma ta riƙe kaza guda, an ɗaure ƙafafunta da tsumma. Wake-wake ce, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, 'yar ƙarama mai gajerun ƙafafu, daminarta biyu a lokacin. Na so in ce a Gaya ma ana sayar da kaji, sai na tuna ba ni da wannan bakin a gabanta.

Watannin farko sun yi mini wuya. Inna ta shige ɗaki, ba ta fitowa sai alwala. Tuwo ta ɗan taɓa ta rufe. Mai ɗakina ta yi iya ƙoƙarinta, yau miyar kuka, gobe kifin kogi, amma magana ɗaya ce: in azumi ya wuce an sha ruwa za ta koma gida. Da aka sha ruwa ta ce in an yi Layya. Ni kuma na san in ta koma wannan kangon ita kaɗai, wata rana waya za a yi mini a ce an tarar da ita a faɗe bakin rijiya. Abin da ya fi ci mini rai, ba ni da hanyar roƙonta. In na durƙusa ƙofar ɗakinta na gaishe ta, ta amsa "lahiya lau" tana duban bango, magana ta ƙare.

Kazar ce ta fito da ita. Ta sami wuri a bayan akwati ta zuba ƙwai, ta kwanta a kai, bayan mako uku ta fito tsakar gida da 'yan tsaki tara. Unguwarmu kuwa shirwa ba ta hutu, don mahauta na kusa da mu. Dole Inna ta jawo tabarma waje ta zauna gadi da sanda a hannu. Daga gadi sai neman abinci. Ta sa aka samo mata tsohuwar tukunya, ta cusa kara da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, ta kife a gindin katanga inda gara ke fitowa. Da safe ta ɗaga ta kakkaɓe wa 'yan tsaki garar. 'Ya'yana mata biyu, haihuwar gari, ba su taɓa ganin haka ba, suka maƙale mata. Ta fara cin tuwo, don mai gadin shirwa yana jin yunwa.

Wata safiya ina tura moto, wato babur ɗina, zan fita, ita tana zaune tana watsa dusa, sai na ji ta ce:

"Ke wake-wake, kin gani? Wasu za su tsayuwa gaban ɗiyan mutane da riga ba maɓalli."

Na duba gaban rigata. Maɓalli na biyu babu. Na jingine moto na koma na sauya riga. Da na fito na rasa abin yi, sai na dubi kazar na ce:

"Wake-wake, a ce an gode."

Mai ɗakina tana madafa, dariya ta sarƙe ta har da tari. Inna ba ta ɗaga kai ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Daga ranar muka sami 'yar aike. Ni ne "wasu", Inna kuma "mutanen Bengu". In na dawo da la'asar sai in zauna a benci nesa kaɗan, in tambayi wake-wake yadda mutanen Bengu suka wuni da gwiwa. A ba ta amsa, ni in ji. Ta bakin wannan kaza na san Inna ba ta son kifi sai kyafaffe, na san ƙwayar likita na sa ta jiri, na san ta fi kewar ƙawayenta na bakin rijiya a kan gidan kansa. Ta bakinta aka yi mini faɗan saurin fushi, aka ce tun ina ƙarami haka nake, in an taɓa ni sai in yi jifa da ƙwarya. Kazar kuwa ba abin da ya dame ta, tonon ƙasa take yi. Wani lokaci ana tsakiyar magana ta bi fara ta bar mu, sai mu yi shiru har ta dawo.

Shekara uku muka yi haka. Kaji suka yi yawa, 'ya'ya da jikoki, sun haura ashirin, na gina musu akurki na laka. Baƙo bai zo ya tafi bai ci nama ba. Zancen komawa gida bai mutu ba, amma ya koma na lokaci-lokaci, in an ɓata mata rai.

Sai na kawo nawa ilmin. Na karanta a wani ɗan littafin kiwo cewa in an haɗa kajin gida da babban zakara ingantaccen iri, su yi jiki su yi ƙwai. Kajin Inna kuwa ƙanana ne, in an fige ɗaya sai ka ji tausayin mai ci. Abin ya zauna mini a ka. Bayan girbi, sanyi ya fara shigowa, na ƙetare gada zuwa kasuwar Malanbil, a tsallaken iyaka, sayen atamfa, sai na ga wani mutum da kaji a ɗaure sun fi goma, a cikinsu wani ƙaton jan zakara. Na taya a wasa, da rabin Dandancin da na iya, yaren 'yan kasuwar. Bai ko ja ba, ya ce in kawo. Na taho ina yaba wa kaina iya ciniki.

Duk matar ƙauye ta san abin da ni ban sani ba. In ka ga mutum ya kwaso kajinsa kaf ya kawo kasuwa da sanyi, kuma ba ya jan ciniki, to ciwo ya shiga gidansa, neman rabuwa da su yake kafin su mutu a hannunsa. Littafina bai faɗi wannan ba, ko kuma ya faɗa a shafin da ban kai ba.

Na iso gida Inna na sallar la'asar a ɗaki. Don in ba ta mamaki, na kwance zakaran na sake shi a tsakar gida. Ya karkaɗe fukafukai, ya nufi kaskon ruwa ya sha, kaji suka kewaye shi. Da ta sallame ta fito, ta daɗe tsaye tana kallonsa.

"Ke wake-wake," ta ce, "baƙo yaz zo bai kwana waje ba? Mu Bengu kwana bakwai muke kihe baƙon zakara bayan gida, a ga lahiyarshi, kahin shi shiga cikin kaji."

Na sha rana, na sha jira a bakin gada, ga shi yabo nake jira. Sai zuciya ta ɗebe ni.

"Wake-wake, hwaɗa ma mutanen Bengu duniya ta ci gaba. Ba komi ba ne sai yadda anka yi Bengu."

Har yau in na tuna wannan magana sai kunya ta rufe ni. Inna ta sunkuya da gwiwarta mai ciwo, ta ɗauki wake-wake, ta shige ɗaki da ita ta saki labule. Amma kazar ta riga ta sa baki a kaskon.

Kwana uku zakaran ya fara gyangyaɗi a tsaye, fukafukai a sake. Washegari muka tarar da shi a sandare. Daga nan abin ya bi kaji. Wata ta yi kashi kore, wata ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, wata kuma ba alamar komai: ta ci dusa da safe tare da kowa, da hantsi a same ta kwance ƙafafu a miƙe. Wannan mutuwar ta farat ɗaya ita ta fi tsorata ni. Akwai wata farar budurwar kaza da ƙaramar 'yata ke cewa tata ce. A gaban idonta ta sauko daga katanga, ta yi taku uku, ta faɗi.

Kazar da ta mutu ba yanka mushe ce, mata kuma a wurinmu ba sa yanka. Don haka wuƙa ta koma hannuna. Ina cikin aji sai waya ta yi ƙara a aljihu, mai ɗakina ta ce, "Malam, yi hamzari, biyu sun kwanta." In bar yara da rubutu a allo, in hau moto, in zo in yanka wadda na tarar da sauran rai, in wanke hannu in koma. Mun jiƙa sassaƙen maɗaci, mun daka barkono a ruwan shansu, mun fasa musu kafson masu tebur, ba abin da ya tsaya. Muka ci nama har yara suka fara kuka in sun ji ƙaurin babbaka. Kwana goma sha biyu akurki ya zama wayam.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na kira likitan dabbobi. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce wannan ciwo in ya shiga ba shi da magani, rigakafi ake yi tun kafin sanyi. Ya ce a tona rami mai zurfi a binne gashi da matattun, kada a zubar a juji. Sannan ya tambayi ko an kawo baƙuwar kaza. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, ya dube ni kawai ya ce, "Malam, har kai?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wake-wake ma ciwon ya same ta a ɗaki. Tun ranar zakaran Inna ba ta sake aiko da ko kalma ɗaya ba. Ina leƙawa ta gefen labule in gan ta zaune da kazar a cinya, tana tsoma yatsa a ruwa tana ɗiga mata a baki, tana bi da kunu mai ruwa-ruwa. A kwana na biyar kazar ta daina ɗaga kai. Na wasa wuƙa na nufi ɗakin, a ganina taimako zan yi, kada ta tafi a banza. Inna ta ji takuna. Ta matso bakin ƙofa ta miƙe ƙafafunta biyu ta tare hanya, tana duban ƙasa. Na daɗe tsaye da wuƙa a hannu, sannan na juya.

Da yamma mai ɗakina ta same ni ta ce, "Inna ta ce in wagga ta tahi, ita ma a kai ta gida. Ta ce mi za ta tsare nan."

Ban taɓa faɗa wa abokan sahu ba, amma kwanakin nan na roƙi Allah a sujada ya bar wa wata kaza rai. Ina roƙo ina jin nauyin abin da nake roƙa, ga mutane kwance a gidan likita, ga masu neman abin da za su ci. Amma na san abin da ke rataye da ran kazar nan, kuma na san ni na jawo.

Allah ya karɓa. A kwana na takwas ta miƙe. Sai dai ciwon ya bar mata shaida: wuyanta ya karkace, kai ya juya gefe kamar mai leƙen sama da ido ɗaya. In ta kai sara ga ƙwayar gero sai ta sari ƙasa. In ta firgita ta riƙa juyawa wuri ɗaya har ta faɗi. Inna ta gane dabara, ta riƙa zuba tsaba a tafin hannu tana kai mata daidai baki, ruwa kuma a ƙoƙo mai zurfi.

Ni dai ban ga alamar sulhu ba, ban kuma ga na cancanta ba. Na rame har abokan aiki suna tambaya. Sai wata yamma, kusan mako biyu bayan haka, ina zaune gaban kwanon tuwo ina juya shi, na ji daga bakin ɗaki:

"Ke wake-wake, ce ma wasu su ci tuwo. Kuskure an yi, an gama. Ramewa ba ta maido kaji."

Na sunkuyar da kai na cinye tuwon nan tas, hawaye na ɗiga a miya, mai ɗakina ta kwashe yara ta shige madafa da su don kada su gani. Na gode wa Allah, na gode wa Inna, kuma ko da dariya za a yi mini, na gode wa kazar.

Ba mu sake tara kaji ba. Da watanni suka wuce na aika ta bakin wake-wake ko a sayo wasu, aka ce a'a, masu lafiya za su sassare mai karkataccen wuya, su biyu sun isa. Ƙwai ma wake-wake ta daina. Wani abokina mahauci ya ce in muka yanka ta sai an ƙone itacen mako guda kafin ta dahu. Wata maƙwabciya ta tambaya da gaske, mene ne amfanin kazar da ba ta ƙwai, ba ta kwanci, ba a kuma ci ba. Mai ɗakina ta ce mata, "Aiki gare ta, ke dai ba ki san shi ba."

Ni kuwa na koma mai lura da tsufan kaza. Duk shekara kafin sanyi in kira likitan dabbobi ya zo ya yi wa kaza ɗaya tak rigakafi, yana yi yana murmushi. Na tambaye shi wata rana shekara nawa kaza ke yi a duniya. Ya ce tun da ya fara aiki ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya, don kajinmu ba sa samun damar tsufa. In shirwa ta bar su ciwo ya ɗauka, in ciwo ya bar su baƙo ya zo. Amma in an ƙyale kaza tana iya kai takwas, wata har goma. Daga ranar na fara ganin abin da da ba na gani. Ɓawon ƙafafunta ya yi kauri, zankonta ya koɗe, ta fi son kwanciya a rana da tono. Kowace safiya kafin in gaida Inna sai na fara neman kazar da ido.

Shekara huɗu ta ƙara bayan ciwon. A cikinsu aka canja mini lakwal, gwiwar Inna ta ƙara lalacewa har sai da sanda, duk ta bakin wake-wake muka tattauna su.

Ranar da ta mutu ba ta yi ciwo ba. Damina ce, ana hutu, an yi ruwa da safe gari ya yi sanyi, ina tsakar gida ina gyaran zana. Ta ci gero a hannun Inna kamar kullum, har ta nemi ƙari. Ta taka zuwa gindin lemo, ta tona ƙasa sau biyu, ta buɗe fukafukai ta karkaɗa, sai ta kife gefe guda. Na zabura zan ɗauko wuƙa, don jiki ya saba. Inna ta ɗaga hannu ba ta dube ni ba. Ko da na ɗauko ma ba zan same ta ba, rai ya riga ya fita. Daminarta tara.

Inna ta dogara sanda ta je ta ɗauke ta, ta zauna tana shafa gashin bayanta. Mai ɗakina ta durƙusa ta ce, "Inna, sai haƙuri," a hankali, don ba a saba yi wa kaza ta'aziyya ba. Na tona rami a gindin katanga na binne ta. Da na faɗa wa likitan a waya ya ce haka tsofaffinsu ke yi, zuciya ce ke tsayawa, ba laifin kowa. Na ji daɗin wannan kalma ta ƙarshe fiye da yadda ya zata.

Gida ya yi shiru. Inna ta koma ɗaki, gaisuwa ta koma "lahiya lau" da duban bango. In la'asar ta yi in zauna inda na saba, in rasa wanda zan tambaya. A rana ta huɗu na ga ta fito da kayan akwatinta ta shanya a igiya, tana ninkewa ɗaya-ɗaya. Na roƙi mai ɗakina ta je ta jiyo mini abin da ake shiryawa.

"Malam, ni ba wake-wake ba ce," ta ce. "Uwarka ce. Shekara bakwai kuna magana, yanzu ka ce ba ka iyawa?"

Na je ƙofar ɗakin sau biyu, na gaishe ta, na kasa ƙara komai. Na haura hamsin, ina tsayuwa gaban yara cike da aji in yi magana tun safe har azahar, amma na kasa ce wa uwata kada ta tafi.

Ranar Asabar da hantsi ina tsugune ina wanke moto, na ba ɗakinta baya, sai na ji ƙarar sanda ta tsaya a bayana.

"Kai."

Na ɗauka da wani take. Na waiga, ba kowa a tsakar gidan sai ni. Ta yafa mayafinta na unguwa, ta sa takalmi.

"Ka kai ni Bengu."

Soso ya faɗi daga hannuna. Na ce a raina shi ke nan, ranar ta zo. Na miƙe ina goge hannu a wando, na ce, "To Inna. In nemo mota saboda akwati?"

"Akwatin mi? Kaza za mu ɗauko wurin ƙanwata, cikin waɗanda nib bar mata. Akwai jikanyar wake-wake. Ta da moto, mu komo gida kahin hadari shi taso."

Mu komo gida, ta ce. Shekara bakwai in ta ce gida Bengu take nufi. Na juya na kama goge madubin moto wanda na riga na goge, har idona ya washe.

Da ƙyar ta hau, mai ɗakina ta tallafa mata, ta ɗaure sandar a gefe. Ba ta riƙe ni ba, ƙarfen baya ta kama. Mun fita gari ke nan, mun bar hayaniyar manyan motoci, gonakin gero sun fara, sai na ji muryarta a bayan kunnena. Ba na ganin fuskarta, ita ma ba ta ganin tawa, ina jin wannan ya ishe ta. Ta nuna mini fadamar da Baba ya fara noman rake. Ta faɗi wanda ya dasa wane mangwaro. Ta ce ranar da aka haife ni ruwa aka wuni ana yi, sai da aka goyo ungozoma aka ƙetare kwari da ita.

Da muka hango giginyun Bengu sai ta ce:

"Ranar hwarko da anka kai ka lakwal, kana kuka kana jan rigar babanka, na biyo ku. Bayan giginyar can nil laɓe har anka tashe ku da azahar. Kakarka ta yi ta nemana, tuwon rana bai samu ba ran nan. Ba wanda nih hwaɗa ma."

Ban ce komai ba, don na san in na amsa tana iya yin shiru. Abin da ya rage mu shiga gari bai fi tafiyar minti biyar ba. Na rage wuta har moto ya koma tafiyar keke. Ta ci gaba da magana, hadari na haɗowa a gabas, ba ta kuwa ce in yi sauri ba.